Hannun Baba Nomau a Gidan Buga Takardu

Tun da na dawo daga Kano ba ni da sakat. Da na zauna gindin tsamiyar bakin kasuwar Cadawa sai wani ya matso: “Isuhu, wai da gaske ne motocinsu a hagu suke tafiya?” Kafin in gama ba shi amsa wani ya iso, a koma farko. Mushe Abdu, malamin lakol, wato makarantar boko, ya ce in rubuta in huta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. To ga shi, kada wani ya sake tare ni ina cin rogo.

Ni dai zane ne sana'ata. Shekara huɗu na yi a lakol a Maraɗi, lissafi ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, aka sallamo ni da abu guda: hannuna yana iya kwaikwayon abin da idona ya gani. Na yi ta rubuce-rubuce a jikin motoci da ƙofofin kantuna. Shekarar da aka ba mu mulkin kai, ma'aikatan buro, wato ofisoshin gwamnati, da malaman lakol suka shiga yayin aika wa juna katin gaisuwa, kuma ba su son masu hoton dusar ƙanƙara da ake kawowa daga ƙasar Faransi. Na shiga zana musu raƙumi da rumbu da tuta, ɗaya bayan ɗaya, har yatsana ya yi kanta. Kowa ya ce mini in nemi gidan buga takardu.

Akwai zane guda da ban taɓa sayarwa ba, duk wanda ya gan shi kuwa sai ya tambaya. Tsoho ne a bakin rijiya yana miƙa wa wani Bafillace matafiyi ruwa a ƙwarya. Tsohon Baba Nomau ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara uku. Da hagu yake miƙa ruwan, don hannun damansa ya mutu. Zamanin aikin tilas aka kwashe su gyaran hanyar mota, dutse ya kuɓuce ya danne hannun, yatsun suka ƙanƙance ba su sake buɗewa ba. Tun daga ranar, ko goro zai ba ka sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Yi haƙuri da hagu.” Ni da na tashi gabansa ma bai taɓa miƙo mini abu bai faɗa ba.

Da na ce masa zan kai zanen a buga, sai ya ɗago kai ya dube ni.

“Ɗan nan,” ya ce, “nan Cadawa kowa ya san dalili. In takarda ta tahi Yamai, wa zai bi ta shi ce a yi haƙuri da hagu?”

“Baba, ba wanda zai yi maka dariya.”

“Kai ka sani? To tahi. Amma in ka sa aka yi mini dariya a garin da ban taɓa zuwa ba, kada ka sake zana ko akuyata.”

Inna Tabawa, matarsa, ta yi dariya, shi bai yi ba. Ta naɗe mini zanen cikin fatar akuya ta ɗaure da zare, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da garin gero. Wallahi da nauyin maganar nan na fita gida, ta fi kayana nauyi.

Na fara da Maraɗi. Wani abokina ɗan buro ya nuna mini injin da suke juyawa da hannu yana zubo takardun sanarwa. Muka gwada da raƙumi, ya fito kamar kaza ta sha ruwan sama. Abokin ya ce, “Ka ga, wannan na ofishin kumandan ne, rubutu kawai ya sani. Sai Katsina ko Kano.”

Na samu babbar motar gyaɗa mai zuwa Kano, na hau can bisa buhuna tare da wasu fatake. Direban, Mamman, mutum ne mai surutu, in ya tsaya sai ya ba kowa labarin abin da ya lalace a motar tun ranar da aka saye ta. Ba mu yi nisa ba muka kafe cikin rairayi. Kowa ya sauko, muka sassaro rassa muka shimfiɗa, muka tura. Ina turawa da kafaɗa ɗaya, fatar akuya a hammata, har wani falke ya ce, “Malam, ko jariri ne ka ajiye shi mana.” Ban ajiye ba. Da muka koma kan tsakuwa na riƙa kallon duwatsun gefen hanya. Ban san ko a nan ne abin ya sami Baba ba, bai taɓa faɗa mini wurin ba, amma kowane dutse na gani sai in ce ko shi ne.

A Ɗan Isa 'yan duwan, masu binciken kaya a bakin iyaka, suka sauke mu. Ɗayansu ya zunguri fatar da sanda, ya ce in kwance. Ya buɗe zanen, ya kira abokinsa, suka duba.

“Kai ka yi wannan? Hannunka na da kyau. Amma tsohon nan ba shi da ladabi ne? Ruwa da hagu?”

Na nuna masa ɗayan hannun, na ba shi labari. Ya naɗe mini zanen da kansa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Mutum na farko ke nan da ya ga zanen a wajen garinmu, kuma abin da Baba ya faɗa shi ya faru. Na samu na yi bayani don ina tsaye. Kati kuwa ba ya tafiya da mai shi.

To ga amsar tambayarku: da gaske ne. Muna wuce iyaka, kafin Jibiya, Mamman ya karkata motar ta koma hannun hagu. Na ƙwala ihu, “Direba, lafiya?” Fatake suka bushe da dariya. Wai haka Ingilishi ya koya musu, kuma har yau ba su sake ba. Gero iri ɗaya, harshe ɗaya, wani ma surukinsa na can, amma in ba ka sauya hannu ba sai ku yi karo. Can jandarma babu, sai ɗan doka da jar hula. Buro kuma ofis ne. Kuɗinmu ma sai da aka canza mini, mai tuwo ta ce ba ta san su ba.

A Katsina na sauka gidan wani fatoma, Alhaji Barmo, inda fataken suka saba sauka. Zaure ne babba, tabarmi jere, kowa da ƙullin kayansa a matsayin matashi. Tuwon dawa ake kawowa da miyar kuka mai yawan daddawa. Ba laifi, sai dai furarsu ruwa-ruwa ce, a gidanmu Inna ba za ta ba baƙo irinta ba. Alhajin ya taɓa sa an buga masa takardun ciniki, shi ya koya mini abu biyu. Ya ce, “In ka je, kada ka saurari bakin mai inji, ka ce ya nuna maka aikin da ya yi wa wani. Ka lashi yatsa ka goga, in tawada ta biyo ka, ka yi sallama. Kuma kada ka yarda a buga da yawa sai an buga maka guda ka gani.”

Ya haɗa ni da Malam Lawal, mai ɗan shago kusa da kasuwa. Da can sassaƙar ƙwarya yake yi, ya koma buga takardun biki da na suna. Injinsa ƙarami ne, da ƙafa ake taka shi. Na lashi yatsa na goga aikinsa, tawada ba ta biyo ni ba. Ya karɓi zanen ya kafa a gabansa, ya ɗauko guntun katako mai santsi da 'yan wuƙaƙensa, ya ce in dawo jibi.

Na dawo ranar da ya ce. Kai, mutumin nan yana da hannu! Ya fitar da rijiyar, da ƙwaryar, har da gemun Baba. Ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya taka, ya zaro ya miƙo mini yana murmushi. Na duba, na sake dubawa. Bafillacen ya koma ɗaya gefen. Baba kuwa ga shi tsaye, yana miƙa ruwa da hannun dama.

“Malam, mi ka yi?”

Ya karɓa ya duba, ya dubi zanena, ya dafe kai. “Af! Na sassaƙa shi yadda na gan shi. Ai katako in ya hau takarda juyawa yake, dama ta koma hagu. Ni furanni da tsuntsaye na saba yi, ba su taɓa kawo ƙara ba.” Ya sake dubawa, sai fuskarsa ta washe. “Amma tsaya. Ai gyara na yi maka ban sani ba! Da ma ina ta mamakin dattijo kamar wannan da hagu. Bar shi haka, Malam Isuhu. Wa zai sani?”

Na fita da takardar na zauna bakin masallaci. Ba zan ɓoye muku ba, na so abin. Ga Baba yadda ban taɓa ganinsa ba, yana ba baƙo ruwa kamar kowa. Ba ɗan duwan da zai ce ba shi da ladabi, ba wanda zai yi dariya a Yamai, sharaɗin Baba ya cika ba tare da na sha wahala ba, kuma ga Malam Lawal mutumin kirki, ga gida kusa. Har na miƙe zan koma in ce ya buga. Sai na sake kallon takardar, na ga tsohon kirki ne, amma ban san shi ba. Na rasa yadda zan bayyana wa Malam Lawal, na dai ce masa sai na yi shawara. Na ba shi ladan aikinsa, ya ce in riƙe gwajin, bai ji haushi ba. Ya ma ce in na isa Kano in nemi masu ɗaukar hoton zane su zuba shi a farantin ƙarfe, su ba sa kuskuren layi ko ɗaya.

Kano kuwa, jama'a, ku bar ta. Na ga dalar gyaɗa, buhu kan buhu har sai ka riƙe hula, na ce ashe nan gumin Cadawa yake taruwa. Kekuna sun fi jakunanmu yawa, kuma ba mai ce maka gafara, ƙararrawa kawai. Sau biyu ana kusan kwashe ni, don in zan ƙetare titi ɓangaren da na saba nake dubawa. Burodinsu zaƙi gare shi kamar alkaki, ba irin dogon nan na Maraɗi mai ɓawo ba. Gurasa ce ta riƙe ni, da ƙuli da yaji, ita kam na yaba. Suna jin na ce “mi” maimakon “me” sai su ce, “A'a, mutanen Faransi, sannu da zuwa.” Na ce musu Faransi ta tafi, su ma Ingilishi ya tafi, sai a nemo mana wani suna.

Gidan farko da na shiga babba ne, injuna na ruri, ba ka jin maganar na kusa da kai. Akawun da ke bakin ƙofa bai ko kwance fatar ba. “Dubu nawa kake so?” Na ce ɗari biyu. Ya ce in dawo bayan wata biyu, suna aikin gwamnati. Raina ya ɓaci, na ce masa ko kallon abin ai ya yi. Ya ce takarda takarda ce. Na kwashi fatata na fita, ban yi masa sallama ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Na biyu sun karɓe ni hannu bibbiyu, har da kujera, amma da na lashi yatsa na goga aikinsu sai na fito da baƙin yatsa.

Rana ta uku wani mai gurasa ya kwatanta mini shagon Alhaji Raji a Sabon Gari. Bayarabe ne, tsoho, ya shekara talatin a Kano, Hausarsa ta fi ta wasu Kanawan, sai dai harshen yana ɗan lanƙwasa. Ya wanke hannu kafin ya taɓa zanen. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya danne kusurwoyin da ƙarafa, ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora yatsa kusa da hannun daman Baba, wanda ke rataye da ƙanƙanannun yatsu, bai taɓa takardar ba.

“Wane ne wannan a wurinka?”

“Babana ne.”

“Haihuwa ce ko rauni?”

Duk tafiyar nan ba wanda ya fara ganin wannan hannun kafin ya ga na hagun sai shi. Na ba shi labari. Ya gyaɗa kai, ya ce su ma a garinsu ba a miƙa wa mutum abu da hagu, ko yaro ya yi sai an buge hannun.

“Saurara, ɗana. Da na'urata zan iya fitar da shi yadda ka zana, zan kuma iya juya shi ya koma dama, ba wanda zai gane. Juyayyen zai fi saurin sayuwa, gaskiya ke nan. Amma ba ni zan zaɓa ba. Babanka ne.”

Na zaro gwajin Katsina na ajiye kusa da zanena. Muka tsaya muna kallon tsofaffi biyu, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya. Na tuna gargaɗin Baba, na tuna ɗan duwan. Na ce, “Alhaji, bar shi yadda yake.”

Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya ɗauko takardu iri uku ya ce in shafa in zaɓa, ya ba ni shawarar mai kauri marar ƙyalli, don ƙyalli yana cinye siraran layuka. Ya buga guda ya nuna mini, na ce inuwar ƙwaryar ta yi duhu, ya rage, ya sake bugawa, bai yi tsaki ba. Kwana biyar aka gama. In kuna tambayar yadda ake zaɓen mai buga takarda, ni dai abin da na gano ke nan: wanda ya kalli aikinka har ya yi maka tambaya, shi ne naka.

Komowa ba ta yi mini daɗi ba. Kaya sun yi kyau, amma zuciyata na ta kai da kawowa. Da muka wuce Jibiya mota ta koma hannun dama, fatake suka yi ta murna an iso gida, ni kuwa ji nake kamar a juya da ni. Ɗari biyu ne, an riga an buga. In Baba ya ce a'a, sai dai Inna ta hura wuta da su, kuma wannan ma ba shi ne abin da ya fi damuna ba.

Da hantsi na shiga gida. Baba na zaune a tabarma yana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya, yana danne ta da gwiwa. Bayan gaisuwa da shan ruwa na zaro kati guda na ba shi. Ya kai shi nesa da ido, ya matso da shi. Inna ta leƙo ta bayansa ta ce, “La ilaha! Malam, kai ne, har da facin rigar!” Baba kuwa ya ce, “Hagun dai.”

“Hagun, Baba.”

“Duk ƙasar Ingilishi ba a samu mai dabarar gyara ta ba?”

Da na iya yin ƙarya, amma ban taɓa yi masa ba. Na zaro gwajin Malam Lawal na miƙa masa, na faɗa masa yadda aka yi, da abin da Alhaji Raji ya ce. Ya ajiye katin Kano ya riƙe wannan. Ya daɗe, har kaji suka fara cin gyaɗarsa bai kore su ba. Ya shafa hannun daman da ke riƙe da ƙwarya, ya gangaro ya shafa na hagun da ya koma matacce.

“Da hagun dutsen ya danne mini,” ya ce a hankali, “da da sauƙi.”

Inna ta juya ta shige ɗaki. Ni kuwa na kasa ɗaga kai.

“To kai, da ka samu wannan, mi ya hana ka?”

“Baba, wannan ban san shi ba. Hannun da ya ba ni tuwo tun ina yaro hagu ne.”

Ya ninke gwajin Katsina ya sa a aljihun gaba, ya ci gaba da ɓarar gyaɗa. Bai ce in sayar ba, bai ce kada in sayar ba. Kwana uku ina kwana ina tashi da ɗaurin katunan, ban kwance ba.

Ranar kasuwa na yi ƙarfin hali na shimfiɗa su gindin tsamiya. Ban ankara ba sai ga Baba da sandarsa, shi da ya daɗe da barin shiga kasuwa. Ya zauna gefen tabarmata kamar mai jiran wani. Mutanen gari suka yi ta ɗauka suna dubansa suna duban katin. Can wata mota mai zuwa Gazawa ta tsaya, wani baƙo ya sauko, da gani ma'aikacin buro ne, da wando da takalmi sau-ciki. Ya ɗauki kati ya yaba, sannan ya yamutsa fuska.

“Mai zane, ka yi kuskure a nan. Ya za a yi dattijo ya ba baƙo ruwa da hagu?”

Na buɗe baki, Baba ya riga ni. Ya janye hannun rigarsa, ya fito da damansa ya ɗora a kan tabarma, cikin rana, gaban kowa. Baƙon ya dubi hannun, ya dubi katin, ya dubi fuskar Baba. Ya cire hularsa ya durƙusa.

“Baba, a gafarce ni. A ba ni biyar, zan aika Yamai.”

Baba ya zaɓo biyar da kansa, ya daidaita su a gwiwa, ya miƙa masa da hagu, kansa a ɗage. Na kasa kunne ina jiran kalmar nan da na ji tun ina shekara uku. Bai faɗe ta ba.